Wa za ka gaya ma? Talaka da hukuma a shekara ta 2005

A ƙasar Nijar babbar yunwa ba ta wucewa sai an raɗa mata suna, kuma ba a ofis ake raɗa shi ba. Daga bakin mata masu daka da tsofaffin gindin bishiya yake fitowa, ya bi kasuwa-kasuwa har ya zauna. Ta 1913 zuwa 1914 Hausawa sun kira ta Kakalaba. Ta 1984 ta samu sunan El Buhari, domin a shekarar ne shugaban Nijeriya na lokacin ya rufe iyaka, hatsin kudu ya daina ƙetarowa. Masanin tarihi Bureima Alfa Gado ya daɗe yana tattara irin waɗannan sunaye, kuma duk wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa kowane suna hukunci ne da talaka ya yanke a kan abin da ya same shi. Sunan da wahalar 2005 ta bari shi ne Wa za ka gaya ma. Babu fara a cikinsa, babu fari, babu sunan wani shugaban waje. Tambaya ce ta mutumin da ya duba gabas ya duba yamma, bai ga wanda zai kai wa kuka ba.

Abin mamakin shi ne, a wannan shekarar ce kuma talakan birni ya yi kuka har gwamnati ta janye dokar da ta kafa, abin da ba kasafai ake gani ba a tarihin ƙasar. Shekara ɗaya, ƙasa ɗaya, hukuma ɗaya, amma wani ya samu mai saurare cikin mako biyar, wani kuwa ya jira har damina ta yi nisa.

Haɗuwar haraji da yunwa da toshewar kunnen hukuma tsohon abu ne. A 1930 fara ta cinye gonakin yammacin Nijar, a 1931 yunwa ta shiga ƙasar Zabarmawa. Gwamnatin mulkin mallaka ƙarƙashin gwamna Blacher ba ta sassauta lanho ba, kwamandoji suka ci gaba da karɓa, mutane suka sayar da abin da ya rage musu don su biya, wasu suka gudu, dubbai suka mutu. Sai da aka turo mai bincike daga Faransa, Bernard Sol, sannan aka rubuta a takarda abin da kowane mai gari ya riga ya sani. Talakan wancan zamani ba shi da ƙuri'a, ba shi da jarida, kuma Nasara bai taɓa ce masa kuɗin lanho nasa ba ne. Bayan shekara 43, ranar 15 ga Afrilu 1974, sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a tsakiyar wata yunwar, kuma cikin dalilan da Saini Kunce ya bayar har da yadda aka yi sakaci da masu jin yunwa, ga maganar karkatar da cimakar taimako da ta cika gari. Mai karatu ya riƙe wannan rana, domin cikin hafsoshin da suka yi juyin mulkin akwai wani matashi mai suna Tanja Mamadu.

Abin da ya bambanta 2005 da waɗancan shekaru shi ne, a wannan karo ɗan ƙasa yana da baki. Tun daga ranar 9 ga Fabrairu 1990, da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy ta Yamai, da babban taron ƙasa na 1991, an samu jam'iyyu da jaridu da ƙungiyoyin farar hula, daga baya kuma gidajen rediyo masu zaman kansu da ke magana da Hausa da Zabarmanci. A watan Yuli 2004 an zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265, wato kowane yanki ya samu magajin gari daga cikin mutanensa. A watan Disamba aka sake zaɓen Tanja, majalisar dokoki kuma ta ƙaru daga kujera 83 zuwa 113. A takarda dai, ba a taɓa samun lokacin da talakan Nijar yake da wakilai masu yawa kamar farkon 2005 ba.

Tun tawadar zaɓe ba ta gama goguwa daga yatsu ba, a watan Janairu 2005, sabuwar majalisar ta amince da dokar kasafin kuɗi da ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin 100 a kan fulawa da madara da sukari, da kuma ruwan famfo da wutar lantarki na masu ƙaramin ƙarfi waɗanda a da aka yafe musu. Gwamnatin faraminista Hama Amadu tana da hujjarta, kuma adalci ne a faɗe ta. Kuɗin da baitulmali ke tarawa a cikin gida kaɗan ne ƙwarai, ma'adinin uranium ya daɗe ba shi da daraja a kasuwar duniya, Asusun Lamuni na Duniya kuma yana matsa wa ƙasar ta ƙara kuɗin shiga kafin a buɗe mata sabon shiri. Ga azuzuwa da ɗakunan shan magani da shirin musamman na shugaban ƙasa ke ginawa a ƙauyuka, waɗanda ke bukatar malamai da ma'aikata. Ƙasa ba ta tafiya sai da haraji.

Sai dai TVA haraji ne makaho. Ba ya tambayar mai saye nawa yake samu a wata. Kashin da minista zai biya a kan kwalin sukari shi ne mai shayin bakin tasha zai biya, shi kuwa mai shayi ya ɗora wa ɗan dako da ke karya kumallo a teburinsa. Malamin makaranta ɗan kwantaragi, wanda albashinsa a lokacin bai kai jika 50 ba, kuma sau da yawa wata ya mutu bai gan shi ba, ya tarar burodi da madarar yara da takardar wuta sun tashi a lokaci guda. A nan ne ƙorafin ya ɗauki siffar da ta sa ya cancanci shiga tarihi. Masu adawa da dokar ba su tsaya ga cewa kaya sun yi tsada ba. Sun juya tambayar, suka ce kafin hukuma ta sa hannu a kwanon talaka, ta fara nuna abin da ta rage daga nata: manyan motocin ma'aikatu, tafiye-tafiye da kuɗin guzurinsu, yawan ministoci da masu ba da shawara, alawus na ƴan majalisa. Ga kuma wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da Yamai ke shirin karɓa a ƙarshen shekara, waɗanda a bakin mutane aka riƙa haɗa su da sabon harajin, ko da yake kaso mai yawa na kuɗinsu daga waje ya fito. Wannan magana ce ta mai dukiya da ke tambayar wanda ya ba ajiya. Kakanninsa na 1931 ba su da ikon furta ta.

Ƙungiyoyin kare masu saye da na kare haƙƙin ɗan Adam da na ƙwadago suka haɗu a wani ƙawance na yaƙi da tsadar rayuwa, ƙarƙashin jagorancin Nuhu Arzika. Ranar Talata 15 ga Maris dubun-dubatar mutane suka cika titunan Yamai, taron da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Ba ma'aikata da ɗalibai kaɗai ba ne, waɗanda aka saba gani a jerin gwano. Ƴan kasuwa sun fito, matan aure sun fito, direbobin tasi da masu sana'ar hannu sun fito. Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas su ma suka motsa. Da hukuma ta hana jerin gwano na biyu, sai ƙawancen ya ce kowa ya zauna gidansa, kuma ranar 22 ga wata babban birnin ya wayi gari tsit, kasuwanni a rufe, tituna fayau. Gwamnati tana iya tura ƴan sanda su watsa taro, amma ba ta da dabarar tilasta wa mai shago ya buɗe ƙofarsa.

Amsar farko da mahukunta suka bayar ita ce kamu. Ƙawancen ya roƙi malaman Musulunci da shugabannin Kirista su yi addu'o'i Allah ya fitar da ƙasar daga ƙunci, gwamnati kuwa ta fassara wannan da kiran tawaye a fakaice. Cikin ƴan kwanaki aka tsare mutum biyar: Nuhu Arzika, Maru Amadu, Mustafa Kadi, Musa Cangari da Kasum Isa, wanda ke jagorantar ƙungiyar malaman makaranta ta SNEN. Aka tuhume su da ƙulla makirci ga tsaron ƙasa, aka kuma rufe gidan rediyon Alternative. A al'adar Bahaushe, in an rufe wa mutum kowace ƙofa yakan ce ya bar wa Allah, kuma ko azzalumin sarki bai cika hana shi wannan ba. A Maris 2005 har kai ƙara wurin Allah sai da ya zama abin tuhuma.

Kamun bai kashe wutar ba, ƙara hura ta ya yi. Ranar 7 ga Afrilu aka sako mutanen biyar, aka zauna teburi da su, ranar 19 ga wata aka cimma yarjejeniya. An cire harajin daga fulawa da madara, an faɗaɗa adadin ruwa da wutar da ba a biya wa TVA, an kuma amince a nemo kuɗin ta wasu hanyoyi, daga ribar kasuwanci da harajin gine-gine. Daga Talatar farko zuwa Talatar ƙarshe kwana 35 ne cif. Ba a kifar da gwamnati ba, ba soja ne ya fito ya raba gardama ba. Ƴan ƙasa sun ce ba su yarda ba, hukuma ta ja da baya.

To, amma wa ke cin burodi, wa ke da famfo da mita a gidansa? A Nijar ta 2005 mafi yawan jama'a a ƙauye suke, ba su da wuta balle takardarta, ruwansu na rijiya ne, abincinsu hatsi. A daidai makonnin da Yamai ke murnar nasara, rumbuna sun riga sun zama wayam a wurare da yawa. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta sauka a arewacin yankin noma da makiyaya, hukuma da kanta ta ƙiyasta giɓin cimaka da ton dubu 223, kuma tun a watan Nuwamba ta nemi taimakon waje, ba a kula ta sosai ba. Giɓin kansa bai kai na manyan shekarun yunwa ba. Abin da ya karya mutane farashi ne. Buhun hatsi mai kilo 100, wanda manomi ya sayar da arha da kaka don ya biya bashi da lanho da hidimar gida, ya kai wajen jika 30 a watan Yuli. Kasuwannin arewacin Nijeriya suna jan hatsi da tsada, wasu maƙwabta sun tsuke fitar da nasu, dabbobi kuma sun rame har akuya ba ta sayen ƴan tiyoyi. Hatsi yana nan jibge a kasuwar Maraɗi, mai kuɗi yana saye. Wanda ba shi da shi ya koma ga anza da ganyen tafasa.

Wani abin da ya girgiza masu lura shi ne inda yaran suka fi galabaita. Ba can arewa mai ƙarancin ruwa ba ne, a kudancin Maraɗi da Damagaram ne, yankin da ake kira rumbun ƙasa, inda jama'a ta yi yawa, gonaki suka tsuke, ƙaramin manomi ya zama ɗan ƙwadago a gonar wani. Ƙungiyar likitoci ta MSF kaɗai ta yi jinyar yara sama da dubu 60 masu tsananin tamowa a shekarar, mafi yawansu a jihar Maraɗi.

Matakin da gwamnati da masu ba ta tallafi suka tsaya a kai shi ne sayar da cimaka da rahusa, buhu jika 10. Sun ƙi rabon kyauta, bisa hujjar cewa zai lalata kasuwa ya kuma koya wa mutane zaman jira. Hujjar tana da ma'ana a ofis. A ƙauye kuwa, wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, jika 10 da jika 30 duk ɗaya ne a wurinsa. Kuma wa zai gaya ma? Sabon magajin gari ba shi da ko sisi a asusu, wani ma ba shi da ofis. Mai gari da hakimi a ƙarƙashin hukuma suke, ba su son su zama masu kawo mugun labari. Ɗan majalisa ya koma Yamai tun bayan zaɓe. Manomi ba shi da ƙungiyar da za ta rufe kasuwa, kuma in ya ce zai yi zaman gida, babu wanda zai lura, domin ba a taɓa ƙidaya fitarsa ba. Matar da ta goyo ɗanta ta yi tafiyar yini zuwa cibiyar jinya ita ce jerin gwanon ƙauye, ita kaɗai, ba allo ba lasifika.

Ba za a ce ƙungiyoyin birni sun yi shiru ɗungum ba. A farkon watan Yuni an yi jerin gwano a Yamai ana neman a raba abinci kyauta, ƴan jarida na cikin gida kuma sun yi ta faɗa. Amma taron bai kama ƙafar na Maris ba, kuma ba a ga ranar da kasuwanni suka rufe saboda yaran Madarunfa ko na Gidan Rumji ba. A ƙarshen watan Mayu faraminista ya yi kiran neman agaji a gaban majalisa, Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, kuɗin suka riƙa ɗigowa kamar ruwan rani. Abin da ya buɗe kunnuwa shi ne hotunan da gidan talabijin na BBC ya ɗauka a Maraɗi a watan Yuli. Cikin ƴan makonni jiragen agaji suka fara sauka, kuɗin da ake nema ya haura dala miliyan 80, a watan Agusta aka fara rabon kyautar da aka ce ba zai yiwu ba, Kofi Annan kuma ya zo Damagaram ya gani da idonsa. Kukan ƙauyen Maraɗi sai da ya je Ingila ya dawo sannan aka ji shi a Yamai.

A cikin wannan watan ne shugaba Tanja ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, akwai dai ƙarancin abinci a wasu wurare kamar yadda aka saba, yana mai zargin ƴan adawa da wasu hukumomin agaji da kambama lamarin don amfanin kansu. Masana da dama sun yarda cewa, bisa ma'aunin da suke aiki da shi, abin da ya faru bai kai a kira shi babbar yunwa irin ta 1973 ba, kuma gaskiya ne wasu masu agaji sun yi wa ƙasar kallon raini. Amma Tanja ba baƙon karkara ba ne. Ya riƙe Maraɗi a zamanin Kunce, yana kuma riƙe da Tawa lokacin El Buhari. Ya san yadda anza take. Ya kuma san, fiye da kowa, abin da kalmar yunwa ta yi wa gwamnatin Diori, tunda yana cikin waɗanda suka yi amfani da ita. Tsoron kalmar ya fi ƙarfin tausayin da ba a rasa shi da shi ba, sai gardama ta koma kan suna alhali iyaye mata na layi a bakin tantuna.

Daga 7 zuwa 17 ga Disamba aka yi wasannin a Yamai, aka yi su lafiya, baƙi daga ƙasashe sama da 40 suka yaba, ƴan kokowar gargajiya suka burge. An samu damina mai kyau, rumbuna sun cika, ko da yake da yawa daga hatsin na masu bin bashi ne tun yana gona.

Shekarar ba ta wuce a banza ba. A 2006 aka kafa dokar jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma tamowa ta shiga cikin abubuwan da asibitoci ke aunawa a kai a kai. Tambayar ina kuɗinmu suka tafi ita ma ta zauna daram. A 2006 ta taso a kan kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, abin da ya kai ministoci biyu gidan kaso, ya kuma zama sanadin ƙuri'ar da ta kayar da gwamnatin Hama Amadu ranar 31 ga Mayu 2007. A 2008 ta taso a kan alawus da ƴan majalisa suka yanka wa kansu, har kotun tsarin mulki ta ce dokar ba ta dace ba. Amma a shekarar ce kuma hukuma ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Kalmar yunwa ba ta samu izinin fita daga bakin mahukunta ba sai bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010, lokacin da Salu Jibo ya fito ya amsa cewa miliyoyin mutane na cikin haɗari. Karo na biyu ke nan da soja ya zo ya faɗi abin da farar hula ta kasa faɗa, kuma wannan ba abin alfahari ba ne ga dimokuraɗiyya.

Su kuwa mutanen biyar na Maris, hanyoyinsu sun rabu. Maru Amadu ya shugabanci majalisar tuntuɓa ta riƙon ƙwarya a 2010, ya kuma zama ministan shari'a a 2011 ƙarƙashin Mahamadu Isufu, wanda shi ne madugun adawa a 2005. A ƙarshen 2017 gwamnatin Isufu ta kawo dokar kasafin kuɗi ta 2018 da sababbin haraji, ƙungiyoyin farar hula suka sake fitowa da kusan kalmomin da aka ji shekara 13 baya: a rage kashe-kashen hukuma kafin a taɓa talaka. Ranar 25 ga Maris 2018 aka hana jerin gwano, aka kama jagororinsa, cikinsu har da Nuhu Arzika da Musa Cangari. A wannan karo ba a janye dokar ba, kuma sun yi wata huɗu a tsare kafin kotu ta yi musu ɗaurin talala ta sallame su a watan Yuli. Tsohon abokin tsaronsu na 2005 yana kan kujerar ministan shari'a a duk tsawon watannin.